Kantin da Ba a Tayi

Ƙanena ya bar Tawa da rani, ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, a gaban motar kamfani. Ni na ce masa ya tafi. Bai sake zama a garin ba.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Sauran, yunwa da ƙyanda suka kwashe su. Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, kan fako, inda rijiya ke cinye igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Ubanmu ya rasu yaron yana rarrafe, uwarmu ta bi shi bayan damina kaɗan. Na girme shi da kusan shekara goma, don haka ni na goye shi. Abin da na samu shi yake fara ci.

Wata shekara aka kama ni aikin dole, fasa dutse a hanyar mota. Ina can dogarai suka zo neman yaran lakwal, makarantar Nasara. A lokacin kowa ɓoye ɗansa yake yi cikin rumbu, ko ya tura shi daji da awaki. Wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ake miƙawa. Da na dawo na tarar an miƙa shi. Ban yi faɗa da kowa ba. Na ɗauki jakin ubanmu na biyo shi Tawa, na kama ɗan ɗaki kusa da kasuwa, na fara kai gishiri da kanwa ƙauyuka ina dawowa da gero.

Lakwal ba ta sake shi ba. Daga Tawa aka kai shi Yamai, daga Yamai aka kai shi Dakar. Da hutu yakan zo, ya ƙara tsawo, ya rage magana. Ran da labari ya zo cewa ya gama babbar makaranta ya karɓi takardarsa, na sayi rago na ɗaure ina jiran sa. Sai aka ce ai an ƙara tura shi Faransa, wani karatu na waɗanda suka riga suka gama, kuma karatun saye da sayarwa ne. Na zauna ina mamaki. Ni da ban san baƙi ko ɗaya ba, tun ban yi gemu ba nake saye da sayarwa. Ragon ya kai Layya muka yanka.

Ya dawo ƙasa an riga an sauke tutar Nasara. Wani kamfanin kasuwanci da ke buɗe kantuna a manyan garuruwa ya ɗauke shi. Dokarsu, duk yawan karatunka sai ka fara tsayawa bayan kanta ka riƙe kanti ɗaya, su ga hannunka. Aka ce ya zaɓi gari. Ya zaɓi Tawa.

Ran da ya iso, matata ce ta fara tarbar sa a tsakar gida. Dama akwai wasa tsakaninsu irin na matar wa da ƙanin miji. Mushe take ce masa, yadda ake kiran namiji da Faransanci.

"Sannu da zuwa, Mushe. To mi anka koya maka? Yadda aka cewa albarka da Nasaranci?"

"An koya mini yadda za ni saida miki tukunyarki, ki biya, ki yi godiya."

"Kai, Allah shi tsare! Shekarun ga duka, ko mata ba ka zo da ita ba. Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Zamna ka sha hura."

Ya zauna ya sha. Ina tsaye bakin zaure ina kallon sa yana riƙe da ludayi. A raina na ce, to, ya dawo ke nan.

Bayan kwana kaɗan ya ce in bar jakuna in zo kanti. Ya faɗe shi kansa a ƙasa, don ba sauƙi ba ne ƙane ya ɗauki wansa aiki. Na ce to. A gaban ma'aikata da masu saye, Yaya yake ce mini. Idan yana son in ɗauko buhu, sai ya ce, "Yaya, ko buhun can zai matso?" Ni kuma ban taɓa ce masa maigida ba, shi ma bai nema ba.

Kantin yana gefen babbar kasuwa, ginin siminti mai ƙofar ƙarfe. Akwai sukari, shayi, sabulu, ashana, kalanzir, fitilu, atamfa da baƙin yadi. Na ɗauka washegari za mu buɗe. Bai buɗe ba. Ya ce sai ya ga masu saye tukuna. Ya sa na riƙa kai shi kasuwannin da na sani, Tabaram, Takanamat, Kalfu. Ba ya sayen komai. Sai ya samu gindin itacen bedi ya zauna yana kallo tun hantsi har la'asar. Wani lokaci ya tare mace ya tambaye ta sau nawa take sayen sabulu, kuma me ya sa ta ɗauki rabi ba guda ba. Kunya ta ishe ni. Mutane suna tambayata ko ƙanen nawa lafiya yake.

A kasuwar Tabaram ya nuna mini wani tsohon Buzu da ya sauko daga arewa da raƙumi. Mutumin ya zagaya rumfunan masu sukari, ya taɓa, ya tambaya, ya zagaya kuma, ƙarshe ya ja raƙuminsa ya fita hannu wofi.

"Yaya, mi ya hana shi saye?"

"Bai iya ciniki ba. Sun ga rawani, sun ninka mishi."

"Kai ma haka kake yi?"

"Kowa haka shika yi."

Ya bi tsohon da ido har ya ɓace bayan dutse.

Da muka dawo Tawa ya tara mu, ni da sauran ma'aikata biyu. Ya ce a kantin nan farashi ɗaya ne. Abin da za a ce wa matar kumandan shi za a ce wa makiyayi. Ba tayi, ba ragi. Ya ce kan sukari, babban dunƙulen nan, ba za a sayar da shi guda kawai ba, za a farfasa a ƙulla ƙanana, don mai ɗan canji ya samu. Shayi ma haka. Ya ce a can Faransa abin da aka fi nanata musu shi ne, ka fi kula da wanda ya juya bai saya ba, don shi ba ya gaya maka dalili.

Na ce, "Mutanenmu na Adar ba su sayen abu ba su taya ba. Za su ce ka raina su."

Ya ce, "Mu gani, Yaya."

Na ce, "To gyara hwa?"

Gyara shi ne ɗan ƙarin da mai sayarwa ke jefa wa mai saye bayan an gama awo. Ni hannuna da kansa yake yi. Wanda na sani in cika masa tafi, wanda ban sani ba in ɗan yayyafa. Ƙanena ya ce in ba shi kwana biyu. Ya zauna da ma'auni yana gwadawa, ya zo da wani ɗan ludayin duma ya ɗaura masa igiya a jikin kanta. Ya ce ga gyara nan, ya riga ya sa shi cikin lissafi. Duk wanda ya sayi abin awo, ludayi ɗaya, a shafe. Sani ko rashin sani.

Ranar Lahadi muka buɗe, ranar kasuwar Tawa. Wadda ta fara shigowa wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ta san ni tun ina bin jakuna. Ta ɗauki sabulu ta juya shi, ta tambayi kuɗi. Na faɗa.

"Haba ɗan nan. Rage mini."

"Ba a ragi, Inna."

"To na taya rabi."

Bakina ya buɗe zai ce albarka, in ɗan sauko, ita ta ɗan hau, kamar yadda muka saba. Na ji idon ƙanena a ƙeyata. Na ce, "Inna, nan ba a tayi."

"Ba a tayi? To gidan alƙali na shigo? Kai da nis sani da tsumma a gindi, yau ka samu kanta ka zama Nasara?"

"Ba ni na sa dokar ba."

"Wa ya sa ta? Wancan mai madubin ido? Kai yaro, ɗan wa kake?"

Ƙanena ya fito, ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaya mata sunan ƙauyenmu. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe na gida ne. Sun mayar muna da kai ba gishiri."

Ta ajiye sabulun ta fita tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi. Makonnin farko haka muka sha. Mutanen gari su shigo, su taya, a ƙi, su fita da fushi. Da yamma ina share kanti ina cewa a raina, gobe zai sauko. Bai sauko ba. Ya rame, amma kullum da safe shi ke fara buɗe ƙofa.

Waɗanda suka fara dawowa ba ƴan gari ba ne. Mutanen arewa ne. Wani ya gaya wa wani cewa akwai kanti a Tawa da ba a duban rawaninka. Suka fara ɗaure raƙuma a bayan ginin. Mutum ya shigo, ya nuna da yatsa, a faɗa masa kuɗi, ya tsaya gefe ya jira wani Bahaushe ya tambayi abu ɗaya, ya ji an faɗa masa daidai da nasa, sannan ya kwance bakin rawaninsa ya biya. Bayansu matan Fulani masu nono. Bayansu matan gari da ba sa fita, don yanzu suna iya aike ba a cuci ɗan aiken ba. Kafin kaka, tsohuwar nan mai daddawa ta dawo. Ba ta gaishe ni ba. Ta sayi sukari, ta tsaya ta ga na shafe ludayin gyara, ta ce, "Ko kaɗan hannunka bai rawa, marowaci," ta tafi. Daga nan duk Lahadi sai ta zo.

Akwai abin da ya yi da har yau in na tuna sai in girgiza kai. Wata atamfa mai ruwan ganye ta ƙi tafiya, ta yi wata da watanni a sama. Ya ce a sauke ta a sayar ƙasa da yadda aka sayo. Na ce wannan hauka ne, kaya ba ya ruɓewa, a bar ta har mai so ya zo. Ya ce wurin da take kwance na baƙin yadi ne, kuma baƙin yadi duk mako yana ƙarewa. Aka sauke ta, ta tafi cikin kasuwa biyu. Baƙin yadi ya hau wurin. Ya yi gaskiya. Ban gaya masa ba, amma ya gani a fuskata.

Wannan zaman shi ne mafi daɗi a rayuwata. Ba wani abu muke yi ba. Da azahar mu ja ƙofa, mu yi salla, mu zauna bayan buhunan sukari inda ke da sanyi, matata ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya. Wani lokaci ya ba ni labarin sanyin can, yadda ruwa ke daskarewa a kwata, da wani kanti mai hawa-hawa da aka tura shi koyon aiki, inda mace ke shiga ta ɗauki kaya da hannunta ba mai tsawata mata. Wani lokaci ya tambaye ni kamannin uwarmu, don shi bai riƙe fuskarta ba. In ce doguwa ce, tana da wushirya. Ya ce, "Sai mi kuma?" In ce shi ke nan. Ban iya ba da labari ba. Yakan yi dariya ya miƙo mini ludayi.

Na sayi fili jikin gidana na fara buga tubali. Ban ce na wane ne ba. Matata ta fara zagaya gidajen mutunci tana duba ƴan mata. Ta kan ce masa, "Mushe, na gano maka wata, ta iya lissafi, ba ta tayi." Ya ce, "To a kawo ta kanti mu ɗauke ta aiki."

A shekara ta biyu manyan kamfani suka zo daga Yamai cikin farar mota. Suka tsaya ranar Lahadi suna kallon raƙuma a bayan kanti da mutane a layi. Ɗayansu ya ɗaga ludayin gyara ya jujjuya shi yana tambaya da Faransanci, ƙanena yana amsawa. Na ga suna gyaɗa kai. Na ji daɗi, ban san abin da ke tafe ba.

Bayan sun tafi ya yi kwanaki ba ya cin abinci sosai. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya same ni a filin nan ina jera tubali. Ya cire takalmi ya zauna kan turmi da ke kife. Ya ce kamfani na son ya koma Yamai ya riƙe duk kantunansu, ya yi musu abin da ya yi a nan. Ya ce bai ba su amsa ba.

"Yaya, ba ni da uba sai kai. In ka ce in zamna, in zamna. In ka ce in tahi, in tahi."

Ina riƙe da tubali a hannu. Abin da nake so a fili yake, katangar tana gabansa. Amma a wurinmu babba ba ya buɗe baki da roƙo. Idan baƙo zai tafi ka ce ya kwana, ya ce a'a, ka sake cewa, ya sake ƙi, sai a na uku a san gaskiya. Idan ƙane ya zo da irin wannan, wa yakan ce tafi, kada a ce ya tare masa arziki. Sai ƙanen ya ce ba zai iya barin gida ba. Sai wan ya ce ka dai yi tunani. Sai ƙanen ya nace. Sai wan ya ce to, tunda ka matsa. Kowa ya fita da mutuncinsa. Haka na ga ana yi, haka na yi duk rayuwata, a kasuwa da gida.

Na ce, "Tahi. Mi za ka zamna yi nan?"

Na ajiye tubalin na jira.

Sannan ya ce, "To, Yaya. Na gode." Ya sa takalmi ya tashi.

Ya bar gida yana ƙarami, ya girma a inda in an tambaye ka ka amsa sau ɗaya. Shekara biyu kuma yana tsaye kusa da ni yana jin na faɗi kuɗi ban sauko ba. Ya ɗauka haka na zama.

Matata tana bayan zana, ta ji komai. Da ya fita ta fito.

"Mi ka ce mishi?"

"Kin ji."

"To bi shi mana! Ka ce ba haka kake nuhi ba."

"Shi za shi dawo."

"Ba shi dawowa. Wanga yaro in ka ce mishi hwari, hwari ya ji. Kai dai da taurin kai kamar jakinka."

Ban bi shi ba. Kwanakin da suka rage ina jira ya sake tayar da maganar. Da azahar muna shan fura, in ya buɗe baki sai in ce ga maganar nan. Sai ya ce a kula da ɓeraye a ɗakin ajiya, ko ya nuna mini yadda zan gane shayin da ya sha iska. Ya kawo wanda zai gaje shi, wani ɗan Maradi mai hankali, ya ce masa, "Wanga yayana ne, ka riƙe shi kamar ubanka." Sau ɗaya matata ta ce masa cikin wasa, "Mushe, ɗakin ga da aka ginawa hwa, wa za shi kwana ciki?" Ya dube ni. Na ce, "Na ajiyar gero ne." Ya ce, "Ya yi kyau."

Ran tafiya motar kamfani ta tsaya ƙofar kanti da hantsi. Mutanen kasuwa suka taru. Wani Buzu ya kawo masa cuku a ƙunshe. Ya durƙusa a gabana cikin mutane, da wandonsa na Nasara, ya ce in sa masa albarka. Na ɗora hannu a kansa na sa. Gashinsa ya fara sanƙo a tsakiya, ban taɓa lura ba sai ranar. Ya hau gaba kusa da direba. Motar ta bi hanyar kudu. Na koma ciki, akwai mai jiran kalanzir.

Ya yi nisa a aikinsa. Daga Yamai aka riƙa tura shi ƙasashe. Ya auri wata malamar makaranta, suka haifi ƴaƴa da ke gaishe ni da Hausa mai tsami. Shekarun farko yakan zo da Salla ya kwana biyu. Daga baya sai saƙo, riguna da magani. Bai taɓa mantawa da ni ba, wannan ba zan ɗora masa ba. Sau da yawa ya ce in komo Yamai kusa da shi. Na je sau ɗaya, na ga gidan, na ga kogin. Ya fita tun safe ya dawo a gajiye. Na yi mako na dawo.

Na yi aiki a kantin har kamfanin ya rufe shi. Daga nan na kafa tebur a ƙofar gida. Matata ta rasu shekarar da aka yi babban fari. Ban taɓa gaya masa abin da nake jira ran nan ba, ita ma ba ta gaya masa ba, don na hana ta.

Yanzu ina Tawa, a gidan ɗana na biyu, idona ɗaya ya tafi. Ƙanena yana Yamai, ciwon ƙafa ya hana shi hawa mota.